Koyar da Mahangar Labari da Amincin Mai Ba da Labari: Misali daga Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Nazarin ƙagaggun labarai a manyan makarantu ya fi karkata ga jigo da taurari da zubi da tsari, ba a cika tambayar ko daga bakin wa labarin ya fito ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna yadda za a koyar da wannan fanni ta amfani da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka rubuta domin gasar 1933, aka buga a 1934. An yi la'akari da ɗaliban Hausa na ƙasar Katagum, musamman masu shirin zama malamai a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare.

2.0 Mahanga da Aminci

Mahanga ita ce inda mai ba da labari ya tsaya yana hango abin da yake faɗa. Aminci kuwa shi ne gwargwadon yadda mai karatu zai dogara da maganarsa. Wayne Booth ne ya fito da wannan batu sosai a 1961, amma ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure, domin masana Hadisi sun daɗe suna bin isnadi, suna tantance wanda ya gani da wanda ya ji. Daga nan ya kamata malami ya faro.

3.0 Shaihu Umar a Matsayin Mai Ba da Labari

Littafin ya buɗe da Shaihu Umar a Rauta, almajiransa na neman sanin asalinsa. Ke nan labari ne a cikin labari, kuma masu saurarensa na farko ba masu yi masa musu ba ne. Mai karatu ma yakan bi sahunsu saboda kwarjinin malanta, har ya ɗauki maganar Shaihu tamkar ta marubucin. Saɓanin haka, a Ruwan Bagaja cika bakin Alhaji Imam kan sa a yi hattara tun da wuri.

Idan aka bi isnadin labarin za a ga ya kasu gida uku. Akwai abin da Umar ya gani da hankalinsa, kamar zamansa a Ber Kufa a hannun Abdulkarim. Akwai abin da ya faru yana ƙarami ƙwarai, kamar sharrin da aka ƙulla wa Makau a Kagara. Sannan akwai abin da ya auku ba ya nan, wato wahalar da mahaifiyarsa ta sha a hannun masu bautar da ita kafin su haɗu a Tarabulus. Kashi biyu na ƙarshe ji ya yi, amma ya kawo su da murya ɗaya da na farko.

Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, sai dai ya nuna iyakar hangensa. Hanyar da ta kai shi ga ilimi da ɗaukaka ita ce ta kai mahaifiyarsa ga bauta, ga shi kuma ya fi jingina al'amarin ga ƙaddara. Abin da bai tsaya a kansa ba shi ne aikin da marubucin ya bar wa mai karatu.

4.0 Dabarun Koyarwa

Da farko, ɗalibai su bi littafin babi-babi suna amsa tambayoyi uku: wa ya gani, wa ya faɗa, daga wa ya ji? Na biyu, su sake rubuta haɗuwar Tarabulus da bakin mahaifiyar. Na uku, su gwada dabarar a kan tarihin ƙasarsu, ta hanyar kwatanta bayanin Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Katagum a 1824, da abin da dattawa ke ruwaitowa game da zamanin, kafin a mayar da fadar masarautar Azare a 1916. Kowane ɓangare yana da inda ya tsaya da abin da ya ɓace masa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa mutuncin mai ba da labari daban, faɗin saninsa daban. Ɗalibin da ya iya rarrabe su a Shaihu Umar zai iya yin haka a labarin jarida da na baka, kuma zai koya wa nasa ɗaliban.