Gwanintar Mai Jan Biro

Yaron da ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yakan yi shekara shida a firamare yana karatu da Faransanci kafin ya shiga kwaleji a fara koya masa Ingilishi. Ranar da zai rubuta jimlarsa ta farko a sabon harshen, ba hannu rabbana yake zuwa ba. Yana da Hausar gida, yana da Faransancin makaranta, kuma kowannensu sai ya sa baki a abin da zai rubuta. Gyara takardar irin wannan yaro ba aikin kowane mai jin Ingilishi ba ne. Wanda aka haifa a Landan zai hango kuskuren nan take, ya soke, ya rubuta daidai a sama. Amma tambaye shi abin da ya sa rabin aji suka yi kuskure iri ɗaya alhali babu wanda ya leƙa takardar wani, sai ka ji shiru. Malamin da nake jinjina wa shi ne mai amsar wannan tambaya.

Ga jimlar da duk malamin Ingilishi a ƙasashen da ake karatu da Faransanci ya gaji da gani: “I am agree with you.” Gwani ba ya tsayawa ga cewa “am” ta yi yawa. Kamar bakaniken da ke jin ƙarar inji ya san wurin da zai kwance, shi ma yana jin “je suis d'accord” tana motsi a ƙarƙashin jimlar. Yaron bai yi sakaci ba, tunani ya yi, ya ɗauko ginin Faransanci kalma bayan kalma ya jera. Don haka malam ba zai soke kawai ya wuce ba. Zai nuna masa cewa “agree” aikatau ce da kanta, ba ta neman mai tallafa mata. In kuwa malamin Bahaushe ne, yana da gajeriyar hanya: “To kai da Hausa yaya kake cewa?” Yaro ya ce, “Na yarda.” Shi ke nan, Hausa ta yi shaida.

A nan ne nake ganin gwanintar ta fi armashi, domin malami mai harshe uku yana da abin da marubuta littattafan nahawu na Turai ba su da shi. Duba maganar mallaka. Ɗaliba za ta rubuta “Amina loves his husband”, ɗalibi ya rubuta “Musa came with her wife.” Mai karantawa zai rikice, ya ce mijin wa, matar wa? Dalili shi ne Faransanci yana duban jinsin abin da aka mallaka: miji namiji ne, sai a ce “son mari” ko da mai mijin mace ce, mata mace ce, sai a ce “sa femme”. Ingilishi kuwa mai abin yake duba. Hausa fa? Hausa tana duban duka biyun. A “mijinta”, harafin “n” na miji ne, “ta” kuwa ta Amina ce. A “matarsa”, “r” ta matar ce, “sa” na Musa ne. Na ga malamar da ta rubuta waɗannan kalmomi biyu a allo, ta ja da'ira a kan “ta” da “sa”, ta ce, “Ɗiyata, wannan ƙarshen shi Ingilishi yake bi. Inda kika ce ta, ki ce her. Inda kika ce sa, ki ce his.” Abin da shafi guda na bayani ba zai warware ba, alli ya warware shi a minti biyu, kuma da kayan da yarinyar ta zo da su daga gida.

Sai dai ba kullum Hausa ke taimako ba. Wani lokaci haɗa kai take yi da Faransanci. “I have twenty years” ta fito daga “j'ai vingt ans”, mu ma kuwa “ina da shekara ashirin” muke cewa. Harshe biyu sun ce daidai ne, Ingilishi kaɗai ya ce sai “I am twenty”. Haka “I live in Maradi since 2019”: Faransanci yana barin aikatau a lokacin yanzu tare da “depuis”, Hausa ma “ina zaune a nan tun 2019” take cewa. Gwani ya san irin waɗannan sun fi taurin kai, ba ya sa ran su mutu a darasi ɗaya. Zai ja dogon layi a allo, ya rubuta 2019 a farkonsa, yau a ƙarshensa, ya nuna cewa aikin da ya faro can bai yanke ba shi ake faɗa da “have lived”. Daga nan ya juyo kan kishiyar wannan kuskure, “I have seen him yesterday”, wadda ta samo asali daga kamar da “j'ai vu” ta yi da “I have seen”. Sura ɗaya, aiki daban. Da zarar an ambaci jiya, Ingilishi ya rufe ƙofa, sai “I saw”.

Akwai kuma kalmomin da suke yaudara. Tun 1066, lokacin da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, dubban kalmominsa suka shige Ingilishi. Wannan alheri ne ga ɗalibi, domin yakan gane kalmomi da yawa tun kafin a koya masa. Amma wasunsu sun sauya ma'ana a hanya. A 1928 Maxime Koessler da Jules Derocquigny suka fitar da littafi a kansu, suka kira su “faux amis”, wato abokan ƙarya, sunan ya bi su har yau. “Librairie” kantin sayar da littattafai ne, “library” ɗakin karatu. “Actuellement” na nufin a halin yanzu, “actually” kuwa a gaskiya. Waɗannan kurakurai ne masu wuyar kamawa, saboda jimlar takan fito tsaf, nahawunta babu aibu. Yaro ya ce, “Malam, I passed my exam yesterday.” Wanda bai sani ba zai yi masa barka. Gwani kuwa zai tambaya, “Sakamako ya fito ne?” Yaro ya ce, “A'a Malam, jiya dai muka rubuta.” A Faransanci “passer un examen” zama jarrabawa ne kawai, ba cin ta ba. Kunnen da ya tsaya a kan jimlar da babu laifi a fuskarta, wannan shi ne kunnen da ya ƙware.

Ganin kuskure rabi ne. Sauran rabin shi ne sanin abin da za a yi da shi. A 1967 masanin harshe ɗan Birtaniya S. Pit Corder ya rubuta maƙala da ta sauya yadda malamai ke kallon kurakuran ɗalibai. Ya raba tsakanin tuntuɓen harshe, wanda mai shi zai gyara da kansa in an nuna masa, da kuskuren da ke nuna cewa ƙa'idar ce ba ta zauna ba tukuna. Malamin kirki yana gwada wannan da ɗan yatsa: ya ɗora a kan kalmar, ya yi shiru. In yaro ya ce “af!” ya gyara, babu buƙatar darasi. In ya zuba ido bai ga komai ba, to a nan aiki yake. Binciken da Roy Lyster da Leila Ranta suka buga a 1997, a kan azuzuwan yara masu koyon Faransanci a yankin Montreal na Kanada, ya nuna cewa dabarar da malamai suka fi amfani da ita, wato maimaita jimlar yaro a gyare su wuce, ita ce ta fi kasa sa yaron ya gyara da bakinsa. Shirun nan na ɗan lokaci, da tambayar da ke mayar wa ɗalibi da aikinsa, sun fi amfani, ko da yake sun fi cin haƙuri.

Kuma gwani ba ya jiƙa takarda da jan biro. Takardar da ta koma ja gaba ɗaya, yaro ninke ta yake yi ya cusa a jaka, ba zai sake buɗewa ba. Sai malam ya zaɓa. “Informations” da “advices”, waɗanda jam'in Faransanci ya haifa, suna iya jiran mako mai zuwa, ba wanda zai kasa fahimta. Amma ɗalibin da ke neman gurbin karatu a wata jami'a a Nijeriya ya rubuta “I demand you to accept me” ba zai jira ba. Shi a ransa roƙo yake yi cikin ladabi, domin “demander” tambaya ce ko roƙo. Wanda zai karanta kuwa umarni zai gani daga yaro marar kunya. Wannan a yau za a gyara shi, kafin wasiƙar ta bar hannunsa.

Buƙatar irin waɗannan malamai ƙaruwa take yi. Kamaru ta daɗe da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Waɗanda suka iya aikin sukan ajiye littafi na musamman da suke tara kurakuran ajinsu a ciki. Ranar bita sai su zaɓi jimloli kaɗan su rubuta a allo, ba tare da sunan kowa ba, su ce wa aji su nemo inda matsalar take, su kuma faɗi jimlar Faransancin da ta haife ta.