Gwanin ƙaramar katafila a lungunan Suleja

Tun da aka tsayar da Abuja ta zama babban birnin tarayya a 1976, Suleja ta zama makwancin dubban masu neman abinci a can. Fili ya yi tsada, gida ya manne da gida, daga Madalla har Kwamba. Duk mai haƙa fandisho ko ramin sokawe a wannan matsi, katangar maƙwabci na gefensa, wayar lantarki na samansa, yara na bakin ƙofa. A irin wannan wuri ake sanin darajar ƙaramar katafilar haƙa da gwanin direbanta.

Kamfanin Takeuchi na Japan ya fito da irin wadda ke juyawa ta kowace fuska a 1971. Yawancin ƙananan katafilun nan ba sa wuce tan 6, wasu ma faɗinsu bai kai mita ɗaya ba. Akwai waɗanda in sun juya, bayansu ba ya zarce faɗin ƙafafunsu, don haka da wuya su matse mutum da bango.

Babban alherin ƙaramar katafila shi ne fitar da lebura daga cikin rami. Ƙasa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya, kuma da damina gefen rami kan rufta ba sallama.

Sai dai inji ba ya tsare kowa sai da hannun da ya iya. Gwani ba ya tayar da mota sai ya zagaya filin da ƙafa, ya tambayi inda bututun ruwa ya bi, ya dubi wayoyin sama. Yana kafa faifan gaba a ƙasa don motar ta zauna daram, sannan ya riƙa yankar ƙasa kaɗan-kaɗan, yana zuba ta nesa da bakin rami kada nauyinta ya rusa shi. In ya kusanci bututu ko gindin katangar maƙwabci, sai ya dakata a ƙarasa da shebur. Mutum ɗaya tak yake yi masa ishara. Da wani ya shigo inda hannun motar ke kaiwa, ya tsaya cak, ko da mai gida na ƙorafin lokaci. In zai sauka, sai bokitin haƙar ya kwanta a ƙasa.

Wannan natsuwa sana'a ce mai zaman kanta, kuma ta cancanci lada mai kyau. Mai gini a Suleja, kafin ya yi cinikin hayar mota, ya fara binciken wanda zai hau ta.