Wa Ke Duba Masu Cire Mana Haƙori?

Bahaushen Agege ko Idi-Araba ba zai sayi buhun shinkafa bai sa hannu ya duba ba, amma zai buɗe baki wa mutumin da bai san inda ya yi karatu ba, a zura masa ƙarfen da aka fitar daga bakin wani yanzu-yanzu. Abin da muke tambaya ɗaya ne, nawa ne? Da an ce da sauƙi, shi ke nan, an zauna a benci.

Ba wai babu doka ba. Duk likitan haƙori a Najeriya sai ya yi rajista da hukumar MDCN, kuma lasisinsa na aiki duk shekara ake sabunta shi. A nan Legas akwai HEFAMAA, wadda dokar jiha ta 2006 ta kafa don ta yi wa asibitoci rajista, ta riƙa zagayawa, ta rufe wanda ya saɓa. Mai ƙera haƙorin roba ma yana da tasa hukumar, kuma aikinsa ƙira ne, ba cirewa ba. To amma wannan doka a bakin babban titi take tsayawa. Lungunanmu, inda ake cire haƙori a bayan shago ko a gefen kasuwa, ban ga tana shiga ba, mu kuma ba ma kiran ta.

Inda na fi jin zafi shi ne wankin kayan aiki. Mutum zai tsoma awartaki a kwanon ruwan Dettol, ya goge da auduga, ya ce ya tsarkaka. A fiƙihu idan an wanke najasa har launi da wari suka gushe, abu ya yi tsarkin da za a yi salla da shi. Wannan gaskiya ne, amma hukuncin salla daban, ƙwayar cuta daban. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini tana da rai, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Cire haƙori kuwa ba ya yiwuwa sai jini ya fita. Abin da ke kashe ta shi ne tukunyar nan mai turara ƙarfe da tururi, otokilef, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, bayan an wanke kayan tas. Wanda ba shi da ita, ko yana da ita amma an ɗauke wuta ya ƙi tada janareta don tsadar mai, wallahi bai kamata ya taɓa bakin kowa ba. Kuma ciwon hanta ba gobe yake nunawa ba. Sai a yi shekaru, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce sammu ne, a tafi neman wanda ya yi jifa.

Kada a ɗauka da na bakin titi kaɗai nake. Akwai masu allon suna mai kyau da farar riga waɗanda safar hannu ɗaya suke yini da ita, da ita za a amsa waya, da ita za a karɓi kuɗi, da ita za a koma baki. Wasu ba sa tambayar ko kana da hawan jini ko ciwon suga ko kana shan maganin tsinka jini kafin su yi allurar kashe zafi, alhali dattawanmu da yawa suna ɗauke da waɗannan. Allurar da aka yi amfani da ita kuma akwai akwatinta na musamman, kuma LAWMA na kwasar sharar asibiti daban, amma sai ka gan ta a bolar da yaranmu 'yan jari-bola ke tono da hannu.

Masu fitar da tsutsa daga haƙori ba zan ɓata tawada a kansu ba. Babu tsutsa a haƙori, tasu ce suke zuwa da ita. Haƙorin Makka ma, alhazai ku yi haƙuri, idan ba a ɗora shi daidai ba abinci na shigewa ƙarƙashinsa, lafiyayyen haƙori ya ruɓe a ɓoye.

Na san abin da za a ce: Malam, asibiti tsada da layi, ga Turanci. Haka ne, ɗan kasuwa ba ya son rufe shago yini guda. Amma LUTH a Idi-Araba yake, tun 1962 muke maƙwabta, kuma yana da sashen haƙori. LASUTH na Ikeja ma haka. Kunyar tambaya ce ta fi cin mu, muna ganin rashin ladabi ne a ce wa likita ina lasisinka. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan, shi ne ma zai nuna maka takardar a bango, ya yage ledar kayan aiki a gabanka.

Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin kasuwa su rubuta sunayen wuraren da ke aikin haƙori a cikinmu, a miƙa wa HEFAMAA ta zo ta duba. Matasanmu masu boko kuma a samu biyu ko uku da za su riƙa raka tsofaffi asibiti suna yi musu tafinta.