Gwaninta da Dacewa: Ma'aunin Tarken 'Yan Wasan Fim na Hausa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan muka ba ɗalibanmu aikin tarken wani fim, abin da suke kawo mana bai wuce "wane ya iya wasa" ko "wance ba ta iya ba." Da mun tambaye su hujja sai magana ta tsaya. A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin nuna cewa abubuwa uku ne ake cuɗawa wuri guda, wato dacewa da gwaninta da farin jini, kuma wajibi ne mai tarke ya rarrabe su kafin ya yanke hukunci.

2.0 Dacewa

Abin da muke nufi da dacewa shi ne yadda sura da shekaru da murya da karin harshen ɗan wasa suka yi daidai da mutumin da aka ba shi ya fito a madadinsa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ishe mu misali. Tauraron labarin malami ne dattijo da ke zaune gaban almajiransa yana ba su tarihin rayuwarsa. Irin wannan matsayi yana bukatar natsuwa da sanyin murya da sanin zaman malamai. Umaru Ladan da ya fito a wannan matsayi ya riga ya laƙanci labarin, domin shi da Dexter Lyndersay ne suka mayar da littafin wasan kwaikwayo. Abin lura a nan shi ne, zaɓen wanda ya dace aikin mai ba da umarni ne. Idan aka ɗauko matashi aka shafa masa farin alli a gemu aka ce ya zama dattijo, to laifin na wanda ya zaɓe shi ne.

3.0 Gwaninta

Gwaninta kuwa ita ce abin da ɗan wasa ya ƙara daga kansa bayan an zaɓe shi. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaskiya, saboda haka ya dace da matsayin Samanja Mazan Fama. Amma sojoji da yawa sun yi zaman bariki ba su zama Samanja ba. Gwanintarsa tana cikin yadda ya sarrafa Hausar bariki, yana gauraya ta da Turanci, yana sanin inda zai daka tsawa da inda zai yi shiru har dariya ta sami wurin fita. Ga kuma wani sharaɗi da kyamara ta zo da shi. A dandali dole ɗan wasa ya ɗaga murya ya buɗe hannuwa domin na bayan fage ya gani. Kyamara tana matsowa har kan fuska, ƙiftawar ido ma magana ce. Wanda ya kawo ɗabi'ar dandali cikin fim sai wasansa ya yi yawa, kamar miyar da gishiri ya zarce.

4.0 Farin Jini

Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwa ta sami babbar murya wajen rabon matsayi. 'Yan kasuwa sun fi son fuskar da aka sani, domin ita ke sayar da kaset a wancan zamani. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, gwani ne na barkwanci ba shakka, amma farin jininsa ya kai har ana sa sunansa a kan finafinai, kamar Ibro Usama da Ibro Awilo. Ke nan labari ake ɗinkawa daidai jikinsa, maimakon shi ya shiga rigar labari. Wannan ya hana mu ganin iyakar baiwarsa a wasan da ba na ban dariya ba. Haka kuma waƙoƙin da suka cika finafinai tun zamanin Sangaya, galibi wasu mawaƙa ne daban ke rera su, ɗan wasa motsa baki kawai yake yi. Bai kamata a ba shi ladan muryar wani ba.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce mu koya wa ɗalibai su yi tambayoyi uku a jere. Shin wannan mutum ya dace da matsayin? Me ya ƙara da ba a rubuta masa ba? Da ba mu san sunansa ba, za mu yaba? Kuma kada a yanke wa ɗan wasa hukunci sai an gan shi a matsayi biyu mabambanta aƙalla, a ce sarki a nan, bafade a can. Idan ba mu yi haka ba, za mu yaye malaman da ke zargin ɗan wasa da laifin mai ba da umarni, suna kuma yabonsa da abin da kasuwa ta ba shi.