Takardar Abincin Tsibiri da Albasar Galmi

Wani tsohon ɗalibina da ke aikin kai wa baƙi abinci a wani babban otel na tsibirin Moris, can cikin Tekun Indiya, ya zo ganin gida Ƙonni, sai ya riƙo mini tsarabar da ban zata ba: takardar jerin abincin dare ta gidan da yake aiki. Ya ce ya san ba ni raina rubutu kowane iri ne. Na kai ta aji muka karanta ta da ɗalibai kamar yadda muke karanta waƙa ko ƙagaggen labari, kuma abin da muka tsinta a ciki shi nake so in baje gaban ƴan uwana malamai.

Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne nahawunta. Daga farkonta har ƙarshe babu jimla guda cikakkiya. Suna ne ke bin suna, kowane da garin da ya fito: man shanu na Normandi, gishiri na Gerand, naman sa na Ostareliya. Bahaushe ba baƙon wannan salo ba ne, domin kirari ke nan. Yadda maroƙi ke jera wa basarake iyaye da kakanni kafin ya ambaci abin da ya kawo shi, haka takardar ke jera wa loma nasabarta kafin ta faɗi kuɗinta. Baƙon da ya biya abin da ya fi albashin malami na wata don cin dare ɗaya, rabin kuɗinsa nasaba ya saya.

Akwai wani abinci a ciki da ake kira salatin miliyoniya, wanda tsibirin ya yi suna da shi. Zuciyar wani icce ce dangin kwakwa da giginya, fara mai taushi, ana haɗa ta da ƙyafaffen kifin teku. Sunan ya samo asali daga cewa sai an yi shekaru ana renon iccen, sannan a sare shi gaba ɗaya don a ciro abin da bai wuce cin mutane kaɗan ba. Da na bayyana wannan, sai wani yaro daga bayan aji ya ce ashe mu ma miliyoniyoyi ne, tun da muna cin muruci. Aka yi dariya, amma yaron bai yi kuskure ba: duk murucin da aka dafa, giginya guda ce aka hana tashi. Bambancin kawai, nasu an raɗa masa suna mai tsada, namu ana tallarsa a tasha.

Inda takardar ta gaza, a ganina, shi ne wurin abin da ta yi shiru a kansa. Moris ƙasa ce da rake ya gina. An kawo bayi daga Afirka da Madagaskar, daga 1834 kuma aka shiga kwaso ƴan ƙwadago daga Indiya, kuma jikokin waɗannan su ne yawancin mutanen ƙasar, wadda ta sami ƴancin kai a 1968. Abincin da suke sha'awa kullum, wata fallen waina ce ta fulawa da niƙaƙƙen wake da suke kira dal puri, ana sayar da ita a bakin hanya. Ɗalibin nawa ya ce ita ce kalacinsa da na abokan aikinsa, amma ba ta cikin takardar da suke miƙa wa baƙi, sai dai a daren da aka ware wa “abincin gargajiya”, tare da kiɗa da rawa. Har dutsen Le Morne, mafakar bayin da suka tsere, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008, manyan otel-otel ne a gindinsa. Rubutun da ya san garin da gishirinsa ya fito amma bai san sunan matar da ta yanka albasa a madafa ba, kirarin kaya yake yi, ya manta da masu kayan.

To amma kada mu yi saurin yin dariya. Al'adar raɗa wa abinci suna da auna darajarsa ba da wasa aka gina ta ba. Tun 1825 Brillat-Savarin ya wallafa littafinsa kan ɗanɗano, kamfanin tayar mota na Michelin ya fara fitar da jagorar matafiya a 1900, ya soma ba gidajen abinci tauraro a 1926, sannan a 2010 UNESCO ta amince da liyafar Faransawa cikin al'adun da ya kamata a kiyaye. Mutanen nan sun gane cewa suna dukiya ne. Mu fa?

Mu ne masu albasar Galmi. Daga fadamun Maggiya da lambunan Malbaza, da gonakin rani na Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zongo, manyan motoci ke lodi suna nufar Abijan da Akara da Kwatano. Irinta ya bazu har ana shuka shi a wasu ƙasashe da sunan garinmu. A 2023 hukumar OAPI ta yi mata rajista, ita da kilishin Nijar, a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, irin kariyar da manoman Faransa suka daɗe suna ci da ita. Duk da haka, mai karatu ya shiga kowane gidan saukar baƙi da ke bakin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ya nemi takardar abinci. Zai tarar da soyayyen nama da dankalin Turawa, da wake na gwangwani, da taliyar kanti, duka da Faransanci, ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Albasar tana cikin kowane faranti, ba wanda ya ambace ta. Babu dambu, babu kwaɗon zogale, babu miyar da aka ƙamsasa da gabu, babu cuku. Kilishin da ya sami takardar shaida kuwa, sau da yawa a takardar buhun siminti ake naɗe shi, abin da mu maƙwabtan Malbaza ba mu rasa ba.

Wasu ƴan yammacin Afirka sun nuna ana iya bin wata hanya. Fatmata Binta, Bafulatana ƴar Saliyo, ta ci babbar kyautar girki ta ƙasar Bask a 2022, alhali a kan tabarma take zaunar da baƙinta. Georgiana Viou ta Benin ta sami tauraron Michelin a birnin Nim a 2023. Shinkafa da kifi ta Senegal ta shiga jerin UNESCO a 2021. Ina jin daɗin wannan, sai dai ina da tsoro guda. Idan gobe wani ya buɗe gida a Yamai, ya tuƙa tuwo kamar ƙwan zabuwa a tsakiyar farin faranti, ya rubuta “albasar Galmi” ya ninka kuɗi goma, me zai kai ga manomin da ke sayar da buhu a araha lokacin girbi don biyan bashin taki da man injin ban ruwa, ragowar kuma ta ruɓe masa a rudu kafin farashi ya tashi? In amsar ita ce ba kome, to mun kwaikwayi tsibirin ne har da laifinsa.

A ƙarshen darasin na ce kowane ɗalibi ya rubuta takardar abincin gidansu da Hausa, bisa salon da muka nazarta. Yawancinsu sun bi sawu: naman rago na kasuwar Badagishiri, gero na tudun Illela. Wata yarinya ƴar wajen Galmi ta rubuta miyar kuka da gabu, ta sa sunan gonar, ta ƙara da sunan kakarta wadda ta daka gabun. Abokan ajinta suka ce ta karya doka, tun da takardar Moris ba ta ambaci mutum ba. Na ba ta maki mafi yawa, kuma har aka tashi ba su daina gardama da ni ba.