Kifin Shak a Kogin Faransa, Ambaliya a Jibiya

Daga Jibiya zuwa bakin teku tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Amma fina-finan kifin shak na isowa nan ta hannun masu tura fim a waya, kuma direban da ke jiran a duba takardunsa a Magama kafin ya wuce Dan Isa zuwa Maradi yana iya cinye ɗaya kafin layi ya motsa.

A watan Yunin 2024 Netflix ta saki fim ɗin Sous la Seine, na daraktan Faransa Xavier Gens. Wata kifin shak mai suna Lilith ta baro teku ta shige kogin Seine, ana dab da gasar ninƙaya a Paris. Masu sharhi da dama a Faransa sun yi wa fim ɗin kaca-kaca: kifin teku ba ya rayuwa a ruwan kogi, kifin da aka haɗa da kwamfuta bai burge ba, labarin kuma kwaikwayon Jaws ne na Spielberg, na 1975. Masu kallo ba su saurare su ba, fim ɗin ya shiga sahun waɗanda aka fi kalla a Netflix cikin waɗanda ba na Turanci ba.

Batun kwaikwayo gaskiya ne. Sai dai masu sharhin sun ƙura wa kifi ido, alhali ƙarfin fim ɗin yana wani wuri. A cikinsa wata masaniya ta yi gargaɗi, magajiyar gari ta ƙi soke gasar don kada ta ji kunya a idon duniya, ƙarshenta tsofaffin bama-baman yaƙi da ke kwance a ƙasan kogin suka tashi, ruwa ya shanye birnin.

Wannan yanayi na ƙarshe, da wasu suka kira wuce gona da iri, mutumin Jibiya ba zai yi masa dariya ba. A wani dare na Yulin 2018 ruwan sama ya cika kogi ya afka wa garin, ya rushe ɗaruruwan gidaje, ya kashe mutum sama da 40. Wasu gawarwakin a cikin Nijar aka tsinto su. Wanda ya kwana yana laluben 'ya'yansa cikin duhu ya san abin da mutanen da suka maƙale bisa rufi a fim ɗin suke ji.

Kamata ya yi mai sharhi ya auna irin wannan fim da yadda ya nuna tsoron ruwa da taurin kan masu mulki, kuma a nan Gens ya cancanci fiye da abin da aka ba shi.