Sharhi kan taswirar karin harshen Romani ta Boretzky da Igla

Littafin da Norbert Boretzky da Birgit Igla suka wallafa a Jamus a 2004, Kommentierter Dialektatlas des Romani, juzu'i biyu ne: na farko kwatancin kare-karen harshen, na biyu taswirori. Romani harshen al'ummar Rom ne, waɗanda asalinsu Indiya ne, suka bazu cikin Turai ba tare da ƙasa tasu ba.

Abin da ya fara jan hankalinmu shi ne yadda kalmomin yau da kullum suke jere hawa-hawa. Na ƙasa na Indiya ne: pani ruwa, jag wuta, kher gida, vast hannu. Bisa gare su akwai na Farisanci, kamar baxt sa'a, da na Armeniyanci, kamar grast doki, sa'an nan na Girkanci, kamar drom hanya da efta bakwai. Waɗannan kusan kowane kari yana da su, ko da lafazi ya sauya. Gurasa manro ce a nan, maro a can. Amma da an zo kan taga sai jama'a ta watse: Kalderash sun ari tasu daga Romaniyanci, Sinti daga Jamusanci, na Balkan da yawa daga Turkanci. Mai karatu na Maraɗi ba zai yi mamaki ba, shi da yake cewa kamyo inda Bakano yake cewa lori.

Marubutan sun yi daidai da ba su ɗora rabon kare-karen kan irin wannan aro ba, don kalmar aro maƙwabci take nunawa, ba dangi ba. Inda muka saɓa da su shi ne ɗaukar rukunonin, irin su Vlax da na Balkan da na Tsakiya, tamkar rassan da suka rabu tun da daɗewa. Yaron Matras, cikin littafinsa na 2002, ya nuna cewa sauye-sauye da dama yaɗuwa suka yi daga wata jama'a zuwa maƙwabciyarta bayan an zauna cikin Turai. Ƙwai, wanda ya zama jaro a arewa alhali kudu tana riƙe da anro, ya fi dacewa da wannan bayani.

Akwai kuma matsalar lokaci. Taswira tana ajiye karin Wales da John Sampson ya rubuta a 1926, wanda ya riga ya mutu, kusa da karin da yara suke magana da shi yau, kamar zamaninsu ɗaya. Mai tarihin harshe zai amfana. Mai shirya littafin yaƙi da jahilci kuwa, in bai lura ba, zai zaɓi kalmar da babu mai faɗinta a kasuwa. Haruffan bai-ɗaya na Marcel Courthiade, da taron Rom na duniya ya amince da su a Poland a 1990, sun shiga makarantun Romaniya, amma yawancin masu rubuta Romani sun ci gaba da amfani da haruffan ƙasar da suke zaune.